Ranar da Muka Jawo Buba Cikin Fili

Tun da na dawo daga ƙasar Sakkwato ban sami sakat a shago ba. Duk wanda ya leƙo, ko ɗinki ya kawo ko inuwa ya biyo, sai ya gyara zama a benci ya ce, "To Ɗanlami, ya ka baro su?" Na ba wannan labari, na ba wancan, har maƙogwarona ya bushe. Ga shi na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takardar zan miƙa masa in ci gaba da taka kekena.

Wanda bai san ni ba, ni tela ne a Fagge, da yamma kuma ɗan wasan kwaikwayo. Umaru ne ya ja ni tafiyar nan, abokina tun muna firamare, wanda aiki ya kai shi ofishin gona a Sakkwato. Ya zo Kano hutu ya same ni ina korar ƙuda, don tun da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu yadi ya yi tsada, mutane sai faci suke kawowa. Ya ce akwai wani sabon salon wasa da suke yi. Babu dandamali, babu labule, babu haddar rubutu. A shiga ƙauye a zauna da mutane, a ji abin da ke damunsu, a haɗa wasa a kai. In an kai tsakiya sai a tsaya, a ce 'yan kallo su shigo su karɓi wasan, su nuna yadda za a warware.

Na ce, "Umaru, wannan ai neman rigima ne da rana tsaka."

Ya ce, "Kai dai ɗauko akwatin kayan wasanka."

Bas muka hau, ta Funtuwa da Gusau. Lafiya lau har muka wuce Talatar Mafara, inda muka tarar da shinge. Wani kurtu ya sa aka sauke akwatina. Yana buɗewa ya ci karo da rigar ɗan sanda da hula da kulki. Ya ɗaga rigar sama, ya dube ta, ya dube ni.

"Wa ya ba ka wannan?"

Na ce ni na ɗinka ta da hannuna, ta wasa ce. Ya ce to in sa in yi wasan ya gani. A bakin titi, rana na dukan ƙeyata, na sa riga na tsare wani fasinja ina tambayarsa takardun akuyarsa. Mutanen motar suka yi ta dariya, shi ma kurtun ya kasa daurewa. Da zai sallame mu ya nuna mini maɓallin rigarsa da ke lilo, na zaro allura na ɗinke masa a tsaye.

Zafin Sakkwato kuwa, ku bar shi kawai. Mu Kanawa muna cewa muna da bazara, ashe wasa muke. Daga can muka ɗauki hanyar Boɗinga a wata tsohuwar Landiroba ta ofis wadda ba ta tashi sai an tura. Mu biyar ne har da makaɗi, kuma duk inda ta mutu, ni baƙo ni ake fara kallo.

A Boɗinga ajin makaranta aka ba mu muka shimfiɗa tabarmi. Garin nan ko'ina albasa: a buhu, a rumfa, a kan jaki, har ruwan randa sai na ji kamar yana ƙanshinta. An kawo mana tuwo da miyar sure, wato yakuwarmu, mai tsami har kunne, da wani abu wai shi hoce, na dawa, wanda in ka ci biyu ka gama da yunwa sai gobe. Sunana kuwa ya ɓace, kowa Bakano yake ce mini. Gaisuwarsu ba irin tamu ba ce ta "sannu, ya aiki" kana tafiya. Mutum zai tuɓe takalmi ya durƙusa, ya tambayi gida da gajiya da zafi da dabbobi, kai kana tsaye kamar an dasa ka.

Akwai abin da na gani a kasuwarsu da ya ba ni dariya a lokacin. Wani Bafulatani, su can Bahillace suke cewa, ya sayi fura, ya ɗauki ƙwaryar ya zaga bayan katanga ya juya wa duniya baya kafin ya sha. Na tambayi mai furar ko laifi ya yi. Ta ce, "Kunya ta. Wani babba nai na cikin kasuwa." Na ce a Kano in ka tsaya irin wannan kunyar, kafin ka zago wani ya shanye.

Duk inda muka tsaya, tambayar farko ita ce ta wace jam'iyya muke, don zaɓe ya matso, kowace bishiya da tutarta. Sai Umaru ya rantse ya maya cewa ba mu da jam'iyya kafin a shimfiɗa mana tabarma. Wasan da muka yi a Boɗinga a kan takin zamani ne, yadda yake ɓacewa tsakanin sito da gona. Ni na fito a attajirin da ke karkatar da shi. Umaru na tsayar da wasa ya ce wa zai shigo, wani tsoho ya taso da kansa, ya shaƙe ni da wuyan riga har ta yage, yana faɗa mini abin da ya daɗe yana so ya faɗa wa wani. Jama'a suka yi ta shewa. Daga baya tsohon ya zo yana ba ni haƙuri, muka ci goro tare.

Wannan nasarar ce ta hau kan Umaru. A wasa na biyu mutane suka yi nauyin jiki, sai ya shiga cikinsu ya kamo hannun wani ya jawo shi. Aka yi dariya, wasa ya yi kyau. Tun daga nan ya mai da shi ɗabi'a. Da na yi masa magana ya ce, "In ba ka ja su ba, kunya ba za ta bar su su fito ba."

Daga Boɗinga muka nufi ƙasar Shagari. A wajen Lambara muka bar kwalta muka shiga yashi, zuwa wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Wani dattijo, Malam Nomau, shi ya sauke mu a zaurensa. Mutum mai sanyin magana, in zai gaya maka gidanka na ci da wuta sai ya fara tambayar lafiyar iyali.

Mun tarar da garin a murtuke. Wani manomi mai suna Arzika yana da garka a fadama, wato lambun albasa, wadda ya yi rani yana ba ta ruwa da jigo. Saura kaɗan a cire, aka wayi gari shanu sun bi ta kai sun tattake fiye da rabi. Ba wanda ya ga masu shanun. Samarin gari sun yi rantsuwa duk wanda aka gano, rugarsu sai ta tashi daga ƙasar, wasu har suna ambaton ashana. Maigari ne kawai yake danne su.

Umaru ya ce ga wasa ya samu. Muka bi zauruka muna sauraro, manoma suna ta zuba. Rugar tana can ƙetaren fadama, ana hango bukkokinta. Makaɗinmu ya ce ko za mu leƙa mu ji nasu. Umaru ya dubi rana, ya dubi mota, ya ce mai ya yi ƙasa, kuma ai labarin a fili yake. Ni ma da zafin nan ban matsa ba.

Ranar kasuwa bayan la'asar muka buɗe fili a gindin wata tsamiya. Maigari yana gaba a kan buzu, kusa da shi wani tsohon Bafulatani mai farin rawani, Arɗo Sambo, shugaban rugar. Ni ne manomi, ɗaya daga cikinmu ya sa malfa ya riƙe sanda ya zama makiyayi. Na yi kukan albasata, na yi tsalle, na faɗi a ƙasa, ana ta dariya. Da muka zo inda manomi zai tsare makiyayi, Umaru ya tafa hannu ya karɓi sandar ya ɗaga ta.

"Jama'a, wa zai zo ya zama mai shanu, ya ba da amsa?"

Ba wanda ya motsa. Sai ya hango wani dogon Bafulatani a bayan taro, tsaye shi kaɗai. Buba sunansa. Babu sanda a hannunsa, abin da ban lura da shi ba sai daga baya. Umaru ya ratsa mutane ya kama shi a wuyan hannu. Na ga mutumin ya ɗan ja baya, amma bai fizge ba. Ya biyo shi har tsakiyar fili, aka danƙa masa sanda.

Ni kuwa na gyara murya na shiga aikina. "Kai ne ka sako shanu cikin garkata?"

Ya ɗaga ido sau ɗaya wajen da Maigari yake zaune, sannan ya sunkuyar da kai. Na ɗauka tsoron taro ne, irin wanda ke kama kowa ranar farko. Don in zaburar da shi na ƙara murya, na nuna shi da yatsa. "Da kai nake. Shanunka ne ko ba naka ba ne?"

Shiru. Na sake tambaya, har da buga ƙafa. A nan na lura dariya ta ɗauke. Daga baya wani ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ya amsa." Wani ya karɓa, "Wallahi ya amsa, ga shi ya kasa magana."

Arzika ya miƙe. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Samari suka fara matsowa, filin da muka share yana ta tsukewa. Umaru ya ɗaga hannu yana cewa, "Jama'a, wasa ne, wasa muke yi."

Arzika ya ce, "Ku ka wasa. Ni garkata anka tattake."

Na yi shekaru ina wasa, an jefe ni da ɓawon rake, an zage ni, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ga mutum mun tsayar a tsakiyar kasuwa da sanda a hannu, ni da bakina na ɗora masa laifi sau uku, kuma ga rugar can da mata da yara.

Malam Nomau ya matso ya ja ni ta gefen riga. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Bakano, bar tambaya tai. Tsohon can mai rawani surukinai na, ɗiyatai yaka aure. Ƙaƙa za shi buɗe baki gabanai? Ko yanka shi za a yi, ba shi magana."

Sai na tuna mai shan fura a bayan katanga, wanda na yi wa dariya.

Kafin in san abin yi, Arɗo Sambo ya yunƙura ya tashi. Ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya rusuna wa Maigari. Bai dubi Buba ba, bai dubi kowa ba. Mutane suka buɗa masa hanya, ya bi ta tsakanin rumfuna a hankali har ya sha kwanar masallaci. Ni na zaci fushi ya yi. Ashe wuri ya ba surukinsa.

Sai da rawanin ya ɓace sannan Buba ya ɗago. Muryarsa ƙasa-ƙasa, amma saboda shirun da aka yi kowa ya ji.

"Ranka shi daɗe, ba shanuna ba na. Ba ni da shanu."

Maigari ya ce, "Kamar ƙaƙa, Buba?"

"Bushiya ta shiga garkena. Ta ƙarshe ta hwaɗi tun albasar Arzika ba ta yi kai ba. Nonon da ɗiyana ka sha, daga gidan tsohon da ya tashi yaka hitowa."

Ya durƙusa ya ajiye sandarmu a ƙasa a hankali, kamar kada ta ji ciwo.

An san bushiya, ciwon shanun nan, ta shigo ƙasar a bana, amma mutanen ruga ba sa kawo kukansu kasuwa, ba wanda ya san ya share garken mutum ɗaya kakaf. Sarkin fawa ya yi gyaran murya ya ce gaskiya ne, shi ya sayi fatun, kuma Buba ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Arzika ya tsaya kamar an zare masa laka, sannan ya koma ya zauna. Samarin suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na zauna a kan gangar makaɗi ban sani ba.

Maigari ya sallami taro, ya sa aka kira mu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da Umaru, "Malam, ku baƙi na. Jibi kun hau mota kun tahi. Mu da su Arɗo, nan za mu kwana, nan za mu tashi." Umaru ya ce, "Allah ya huci zuciyarka."

Da safe muka sayi goro muka taka da ƙafa zuwa rugar. Tafiyar da muka ce ta yi nisa, ko gumin kirki ban yi ba muka isa. A ƙofar bukkar Buba ga turaku a kafe babu ko ɗan maraƙi, ga igiyoyi an naɗe an rataye. Ya shimfiɗa mana tabarma, matarsa ta aiko da fura da nono. Na san daga inda nonon ya fito, na kuma san in na ƙi sha na ƙara masa wani ciwon. Na ɗauka na sha.

Umaru ya ba da haƙuri, ya daɗe yana bayani. Da ya gama na ce, "Buba, me ya sa da ya kama ka ba ka ƙi ba?"

Ya ce, "Baƙo ya kama man hannu gaban jama'a, in hizge?" Ya ɗauki tsinke yana wasa da shi. "Da kun zaka nan tun farko, da kun gani da idonku. Ba sai na hwaɗi cikin kasuwa ba."

A hanyar komawa Umaru ya ce ya bar wasan garka har abada. Malam Nomau, wanda ya rako mu, ya ce ba a yi haka ba, a tambayi masu abin tukuna. Muka koma muka tambaya. Arzika ya ce shi ba ruwansa. Buba ya yi tunani ya ce a yi, amma a canza sunaye, kuma a sa bushiya a ciki don mutanen gari su san abin da ake ciki a ruga. Shanun da suka yi ɓarnar kuwa, wasu sun ce na wasu baƙi ne da suka ratsa suna gudun ciwon. Har muka taho ba a tabbatar ba.

Garin Shagari ya fi inda muka baro hayaniya, manyan motoci suna ta shiga da fita. Gidan wani malamin gona aka sauke mu, ɗaki har da fanka a sama, sai dai wutar da za ta juya ta ce babu. Na kwana ina kallonta tana kallona.

Ranar kasuwar garin muka buɗe fili. Da muka zo wurin tsayawa, Umaru ya ajiye sandar a tsakiya. Ya gaya wa jama'a abin da za a tambayi duk wanda ya ɗauka, ya ce ba dole, wanda ya shigo kuma in ya ga dama ya fita. Sannan ya koma gefe ya harɗe hannuwansa a baya.

Aka yi tsit. Mai gyaɗa ta wuce, jaki ya yi kuka, ba wanda ya fito. Na ga hannun Umaru yana ƙoƙarin kwancewa, na taka masa ƙafa. Har na fara tunanin yadda za mu tattara kayanmu cikin mutunci, sai na ga mutane suna darewa. Wani gajere mai faɗin kafaɗa ya fito. Arzika ne, ya kawo ragowar albasarsa kasuwa. Ya sunkuya ya ɗauki sandar, ya saɓa ta a kafaɗa ya rataya hannuwa kamar yadda makiyaya suke yi.

Ya ce, "Ni ka zama Bahillace. Bakano, yi tambayarka."

Wannan karon a hankali na yi ta. "Kai ne ka sako shanu cikin garkata?"

Ya dube ni ido cikin ido. "Ka taɓa zuwa rugata ka gani ko ina da shanu?"

Na juya na dubi jama'a. Sai wani daga cikin taro ya amsa a madadina, wani ya mayar masa, wani mai shanu ya shigo da kansa ya faɗi abin da ciwon ya yi masa, wani manomi ya kawo maganar burtalin da aka nome. Har rana ta yi sanyi ana yi, ba wanda aka kama wa hannu.

Da aka watse na je karɓar sandarmu, Arzika ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Na bi shi da ido. Can bayan taro, inda ya saba tsayawa, ga Buba da malfarsa. Arzika ya tsaya a gabansa. Ina kusa, na ji abin da ya ce.

"Ina da karsana guda gida, an yi mata allura. Ba ni da mai kiwo. In ka yarda."

Ya miƙa masa sandar. Buba bai karɓa nan take ba. Sai da ya waiga dama, ya waiga hagu, ya tabbata babu farin rawani a kusa, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa.

Mun dawo lafiya, Landiroba ta mutu sau biyu a hanya, ni na tura. Masu aron kayan wasa kuma ku ji da kyau: rigar ɗan sanda tana nan, malfa tana nan, amma sanda babu. Tana wajen kiwo.